Tambaya da Amsa: Intanet ɗin Gida Mai Ɗaukewa, da Kwamfutocin da Suka Ƙi Ganin Juna

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: intanet ɗin gida yana zuwa yana ɗaukewa, ko kuma kwamfutoci biyu suna ɗaki ɗaya amma sun ƙi gaisawa. Mun zaɓi guda shida. Sunayen maɓallan Windows mun bar su yadda suke fitowa a allo, don kada mai nema ya ɓata.

Assalamu alaikum. Ina da rauta mai ɗaukar layin waya a gida, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi. A rana sai intanet ya yanke sau biyar ko shida, ya yi kamar minti biyu sannan ya dawo. Na kira kamfanin layin, sun ce lafiya lau a wajensu. Wa zan kama? Daga mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kama kowa, sai ka gano inda igiyar take tsinkewa. Hanyar gaɓa biyu ce: daga kwamfutarka zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa ƙarfen sabis na kamfani. Kowace gaɓa da nata ciwon, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ga gwajin da zai raba gardama. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig, ka nemi layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu na Huawei kuma 192.168.8.1. A ce taka 192.168.1.1 ce, sai ka rubuta:

ping -t 192.168.1.1

Ka sake buɗe wani baƙin allon, ka rubuta:

ping -t 8.8.8.8

Na farko sallama yake yi wa rauta duk bayan daƙiƙa ɗaya, na biyu kuma yana yi wa wata na'urar Google da ke can waje. Bar su suna gudu, ka ci gaba da harkarka. Da zarar intanet ya ɗauke, duba su. Idan na farko yana amsawa amma na biyu ya koma rubuta Request timed out, cikin gida lafiya yake, matsalar daga rauta ne zuwa waje. Idan duka biyun sun yi shiru tare, to ɓarawon a cikin gida yake. Idan kuma duka suna amsawa amma shafuka sun ƙi buɗewa, na'urar da ke mayar da sunayen shafuka zuwa lambobi ce ta gaza, wato DNS. Wannan mai sauƙi ne: shiga saitin rauta ka sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a gurbin DNS.

Minti biyun nan da ka ambata ya sa mun fi zargin cikin gida, domin kusan lokacin da rauta ke ɗauka ke nan idan ta mutu ta sake tashi. In ya yanke, kalli fitilunta. Idan duk sun mutu suka sake kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, wuta ce. Ko dai ana sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ko inbata, ko wutar ta yi ƙasa lokacin da firji ko injin tura ruwa ya tashi, ko kuma adaftar ta tsufa. Adafta takan gaji kafin rauta, kuma mutane da yawa sun jefar da rauta mai lafiya saboda ita. Duba rubutun da ke ƙasan rautar, za ka ga wani abu kamar 12V 1A. Sabuwar adafta dole ƙarfin V ya zama daidai, kada ka sa 12 a inda aka ce 9. Lambar A kuwa in ta fi ba laifi, in ta gaza ne ake samun matsala. Akwai ƙaramin batir na rauta da ake sawa tsakanin adafta da rauta, yana riƙe ta a lokacin sauyin wuta har ma da wasu sa'o'i bayan an ɗauke.

Sai zafi. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kai kuwa ka san yadda Kano take a watan Afrilu. Rautar da aka ajiye a kan dikoda, ko cikin durowa, ko aka lulluɓe da kyalle don gudun ƙura, za ta riƙa sumewa da rana tsaka. A ɗaga ta inda iska ke ratsawa, a kuma hure ƙurar hunturu daga ramukanta.

In gwajin ya nuna waje ne, matsar da rautar kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. Sannan a saitinta ka sauya zaɓin layi daga Auto zuwa 4G kaɗai, domin inda sabis yake da rauni rauta kan yi ta tsalle tsakanin 3G da 4G, kuma kowane tsalle yankewa ne. Idan kuma kullum tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare abin ke lalacewa, cunkoso ne a ƙarfen unguwarku, babu saitin da zai gyara shi sai gwada layin wani kamfanin.

Gidanmu babba ne, sassa uku. Rauta tana falon maigida, sigina ba ta kaiwa sashen baya. Na sayi na'urar ƙara sigina, sanduna sun cika a waya amma bidiyo ba ya tafiya. Daga wata uwargida a Katsina.

Hajiya, sandunan nan da kika ga sun cika, ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarki da na'urar ƙarin suke nunawa, ba su san abin da ke tsakanin na'urar da rauta ba. Idan kin jona ta a ɗakin da sigina ta riga ta mutu, ragowar da ta tsinta take sake rabawa. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda waya ke samun sigina mai kyau daga rauta. Ko a hakan ma, irin masu araha ta hanya ɗaya tak suke karɓa suke bayarwa, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi.

Abin da ke cinye sigina a gidajenmu sananne ne: bangon bulo da aka cika da kankare, dakin mai rodi, ƙofar ƙarfe, babban madubi, da tankin ruwa. Katangar ƙasa mai kauri ma ba ta da sauƙi, musamman da damina in ta sha ruwa. A yawancin rautocin gida, Wi-Fi yana tafiya a zango biyu, kamar rediyo. Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, don maƙwabta da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Zangon 5 ya fi gudu, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. A zangon 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Sauke manhajar auna Wi-Fi a wayar Android, ki ga wacce maƙwabta suka fi cikawa, ki zaɓi wata daga cikin ukun, faɗin tashar kuma ki bar shi a 20. Manhajar za ta nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi. Kusa da -50 madalla, zuwa -67 bidiyo zai tafi, in ta kai -80 sai haƙuri.

A gida mai sassa uku dai, shawararmu a ja kebul. A sami rauta ta biyu, ko tsohuwa ce, a yi mata haka. A jona ta da kwamfuta ita kaɗai tukuna, a shiga saitinta. Idan tana da zaɓin Access Point, a danna shi, aiki ya ƙare. In babu, a sauya adireshinta ya shiga zuriyar babbar rautar: idan babbar 192.168.1.1 ce, ƙaramar ta zama 192.168.1.2, a kuma tabbatar babbar ba ta raba wannan lambar ga wayoyi, misali ta fara rabo daga 192.168.1.100. Sannan a kashe DHCP a ƙaramar. A ba ta sunan Wi-Fi da kalmar sirri iri ɗaya da babbar, amma tasha daban, ɗaya a 1 ɗaya a 11. Daga ƙarshe a soke kebul ɗin da ya taho daga babbar a ramin LAN na ƙaramar, a bar ramin WAN babu komai.

Kashe DHCP ɗin nan shi ne matakin da masu haɗawa suka fi mantawa. DHCP shi ne mai raba wa kowace na'ura lambarta. Idan masu rabo biyu suka haɗu a gida ɗaya, sai a ba wayoyi biyu lamba ɗaya, ko a nuna wa waya ƙofar fita da ba ta ɓullewa ko'ina. Daga nan sai ki ji yau wayar wance tana yi, gobe ta wance ta ƙi, ba tare da wani dalili da ido ke gani ba.

Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida a sa shi cikin bututun roba, don rana tana fasa bawonsa, ɓeraye ma ba sa raga masa. Lokacin hadari mai tsawa kuma gara a zare shi daga rautocin biyu.

Na haɗa kwamfutoci biyu na shagona da kebul ta rauta. Idan ina kwafar bidiyon biki daga ɗaya zuwa ɗaya, ba ya wuce 11 a daƙiƙa, wani lokacin ma ya yanke a tsakiya. Daga mai ɗaukar hoto a Zariya.

Lambar 11 ɗin nan ta faɗi komai, Malam. Gudun kebul da megabit ake auna shi, kwafar fayil kuma da megabayit, kuma megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya. Haɗin megabit 100 yana ba da megabayit 11 zuwa 12 a daƙiƙa, haɗin megabit 1000 kuma kusan 110. Bidiyo mai gigabayit 4 zai ci kusan minti shida a na farko, a na biyu kuma bai kai minti ɗaya ba. Wato haɗinka a 100 ya tsaya.

Danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna Ethernet sau biyu, ka duba Speed a kowace kwamfuta. Sannan ka duba takardar rautar: da yawa daga masu araha ramukansu 10/100 ne, ba za su taɓa wuce haka ba. Maganin wannan shi ne ƙaramin suwic, wato akwatin da ke haɗa na'urori da kebul, mai gigabit (megabit 1000) mai rami biyar. A soke kwamfutocin biyu a jikinsa, a ja kebul ɗaya daga shi zuwa rauta, fayilolin za su riƙa wucewa ta cikinsa ba sai sun bi ta rauta ba.

Idan duk kayan masu gigabit ne amma har yanzu 100 kake gani, kebul ne. A cikinsa akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun 100 huɗu kawai yake buƙata, na 1 da 2 da 3 da 6, amma gudun 1000 sai duka takwas sun taɓa. Ɗaya daga sauran huɗun ta kuskure, sai na'urorin su koma 100 shiru ba su gaya maka ba. Idan kuma tana taɓawa tana saki, shi ne yankewar da kake gani a tsakiyar kwafa. Na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas za ta nuna wadda ta mutu. A yanke kan, a sake matse sabo da wannan jerin a duka ɓangarorin: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada a warware murɗin ya wuce milimita 13, don murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100, kada kuma a ɗaure shi tare da wayar wuta.

A kula da kebul ɗin kasuwa da aka rubuta wa Cat6 amma cikinsa alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare waya ɗaya da reza: in fari ya bayyana, shi ne. Yana saurin karyewa a cikin kan, kuma Cat5e na jan ƙarfe zalla ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ina so in buɗe foldar da ke kwamfutar tebur daga laftof ɗina. Duka suna kan Wi-Fi ɗaya, duka suna shiga intanet, amma a Network ba na ganin komai. Wani lokacin sai ta ce 0x80070035. Da can HomeGroup nake amfani da shi. Daga malamin makaranta a Gusau.

Malam, HomeGroup ya daɗe da tafiya, Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun 2018. Yanzu sai a bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kullum ta farkon ce a kulle.

Duk lokacin da Windows ta shiga sabon Wi-Fi, takan ɗauke shi kamar na filin jirgi ko otal, ta ɓoye kanta. Shiga Settings, Network & internet, ka buɗe bayanan Wi-Fi ɗin gidan, ka mayar da shi daga Public zuwa Private. A duka kwamfutocin za ka yi. Sannan ka nemi Advanced sharing settings, ka kunna Network discovery da File and printer sharing.

Yanzu ka manta da jerin Network tukuna, don ba abin dogaro ba ne, kwamfuta tana iya aiki sarai amma ta ƙi fitowa a ciki. A kwamfutar tebur yi ipconfig ka kwafi lambar IPv4, a ce 192.168.1.120. Daga laftof yi mata ping. In ta amsa, danna Windows da R ka rubuta:

\\192.168.1.120

Idan foldoji suka bayyana, rabon yana aiki, sanar da kai ne kawai ya tsaya. Buɗe services.msc a kwamfutar tebur, nemi Function Discovery Resource Publication, ka tashe shi ka mayar da shi Automatic. Idan kuwa ping ɗin ma bai amsa ba bayan duk wannan, duba abu uku: ko ɗaya tana kan Wi-Fi na baƙi, ko an kunna AP Isolation a rauta, wanda aikinsa ke nan hana na'urori ganin juna, ko kuma manhajar kariya da aka saka ta toshe ƙofa mai lamba 445, wadda ta nan rabon fayil ke bi. Ka kuma kwatanta lambobin biyu. Idan ɗaya 192.168.1 ce ɗaya kuma 192.168.0, rautoci biyu ne suka raba gidan gida biyu, sai a koma amsar da muka ba Hajiya a sama.

Sai maganar izini, wadda take da makulli biyu. Danna dama a kan foldar, Properties, Sharing, Advanced Sharing, ka zaɓi Share this folder, ka ba da izini a Permissions. Wannan makulli ɗaya ke nan. Na biyun yana shafin Security. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki, shi ya sa mutum zai ga folda amma a hana shi shiga, ko ya shiga ya kasa ajiye komai.

Idan ta nemi suna da kalmar sirri, na kwamfutar da ke riƙe da foldar take nufi, kuma lambobin PIN da kake buɗe ta da su ba sa aiki a nan. Asusun da ba shi da kalmar sirri ma Windows ba ta barinsa ya shigo daga nesa. Hanya mafi tsabta ita ce ka buɗe sabon asusu a kwamfutar tebur don wannan aikin kaɗai, ka sa masa kalmar sirri, ka ba shi izini a makullan biyu. In laftof ta riƙe tsohuwar kalma tana ta ƙin karɓar sabuwa, goge ta a Credential Manager. Kashe Password protected sharing yana jan hankali, amma ba mu goyon bayansa a gidan da yara da baƙi duk sun san kalmar Wi-Fi.

Abu na ƙarshe, lambar kwamfutar tebur tana iya sauyawa bayan an ɗauke wuta, sai hanyar da ka ajiye ta mutu. Shiga saitin rauta, a sashen DHCP akwai wurin keɓe wa na'ura lamba ta dindindin, keɓe mata ɗaya.

Na soke hadis, wato hard disk na ajiye fayiloli, a ramin USB na rauta, kowa a gida yana kallon abin da ke ciki. Da na sayi sabuwar laftof sai ta ƙi buɗe shi. Wani ya ce in kunna SMB1. Daga mai karatu a Damagaram.

Zai buɗe in ka kunna, amma ka san abin da kake buɗewa. SMB shi ne yaren da Windows ke raba fayil da shi, kuma na ɗaya shi ne tsohon. Ta raunin da ke cikinsa ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Daga ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara janye shi daga sababbin Windows. Tsofaffin rautoci da firintoci kuwa da yawa shi kaɗai suka iya. Bugu da ƙari, wasu nau'o'in Windows 11 na baya-bayan nan suna ƙin shiga rabon da ba ya neman suna da kalmar sirri.

Fara da sabunta manhajar rautar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, sannan ka duba ko akwai zaɓin SMB2 a sashen USB, ka kuma sa wa rabon suna da kalmar sirri. In babu, mayar da hadis ɗin jikin wata kwamfuta ka raba shi daga can. Ka kuma lura, in an tsara shi da FAT32, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4 ba.

Laftof ɗina kaɗai ke yankewa, musamman in na buɗe ta bayan ta yi barci. Wayoyi duk lafiya. Na duba lambarta na ga 169.254 a farko. Daga ɗaliba a Maiduguri.

Lambar da ta fara da 169.254 ba rauta ce ta bayar ba, Malama. Windows ce ta laƙa wa kanta bayan ta nema ba a amsa mata ba. A baƙin allo rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Don kada ya maimaitu, buɗe Device Manager, Network adapters, danna katin Wi-Fi sau biyu, in akwai shafin Power Management ki cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Ki kuma sauke direban katin daga shafin kamfanin laftof ɗin. Idan ƙaramar MiFi ce kuke rabawa a ɗakin kwana, ƙirga masu hawa: galibinsu na'ura goma ko sama da haka kaɗan suke ɗauka, kuma laftof ɗin da ta yi barci takan farka ta tarar wata wayar ta zauna a gurbinta.